Yadda ake ƙirga hanyoyin zama a da'ira: daga tabarmar fada zuwa duwatsun wuya

Duk shekara idan na iso babin ƙirga hanyoyi da ƴan ajin ƙarshe na lise masu shirin bak, wato jarrabawar gama sakandare, a nan Zinder, tambaya guda ce take kayar da su fiye da sauran: mutum kaza za su zauna kewaye da tebur, hanya nawa za su iya zama? Yawancinsu sun haddace (n − 1)! kamar karatun allo. Amma da an ɗan murɗa tambayar, a ce kujeru suna da lamba, ko a ce duwatsu ne a zare ba mutane ba, sai ka ga hannu ya tsaya a kan kaye. Abin yana damuna, domin yaran nan ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. An ba su amsa ne kafin a koya musu tambayar da ke gabanta: wane zama ne da wane zama za mu ɗauka abu ɗaya? Wanda ya amsa wannan ya ci rabin aikin. Ga yadda nake bi da su, kuma ba ka buƙatar komai sai takarda, alƙalami da ƴan tsakuwa.

Mataki na farko: fara da layi

Ɗauki mutum huɗu na wata fada, wato majalisar hira da shan shayi, a unguwar Birni: tela, baduku, ɗan kabu-kabu da mai shayi. Mu kira su T, B, K da M. Idan a kan benci za su jeru, wurin farko mutum 4 ne ke iya hawansa, na biyu saura 3, na uku saura 2, na ƙarshe 1. Ka ninka: 4 × 3 × 2 × 1 = 24. Wannan ninkin da ke gangarowa har zuwa 1 shi ake kira faktoriyel, ana rubuta shi 4!. Alamar motsin ran nan Christian Kramp ne ya shigo da ita a 1808, amma lissafin ya girme ta nesa ba kusa ba. Tun ƙarni na 8 Al-Khalil ibn Ahmad na Basra, lokacin da yake tsara ƙamusunsa na Larabci, ya ƙirga cewa harufa uku suna jeruwa hanya 6, huɗu 24, biyar 120. Ka riƙe waɗannan a ka: 3! = 6, 4! = 24, 5! = 120, 6! = 720, 7! = 5,040.

Mataki na biyu: naɗe layin ya zama da'ira

Yanzu su sauka daga benci su kewaye tiren shayi a tsakiyar tabarma. A ce T na gabas, B na kudu, K na yamma, M na arewa. Sai kowa ya tashi ya gusa wuri ɗaya zuwa gaba. Me ya sake? Wanda ke damar tela yana nan a damarsa, wanda ke hagunsa yana nan, wanda yake fuskanta bai canja ba. Idan abin da ya dame mu shi ne wa ke kusa da wa kuma ta wane hannu, to babu abin da ya sake. TBKM, BKMT, KMTB da MTBK jeri huɗu ne a benci, amma zama ɗaya ne a da'ira.

Ke nan jerin nan 24 sun kasu gida-gida, kowane gida da ƴaƴa huɗu cif. Yawan gidajen shi ne amsarmu: 24 ÷ 4 = 6.

Akwai hanya ta biyu, kuma ita na fi so ɗalibi ya saba da ita, domin ita ce ke fitar da mutum a tambayoyi masu wuya. Ka ce wa mai shayi: zauna, kada ka motsa. Da'ira ba ta da farko, to shi ya zame mata farko. Inda ya zauna ba ya shiga lissafi, tunda kafin ya zauna duk wuraren ɗaya suke. Amma da zamansa kowane wuri ya sami suna: damarsa, gabansa, hagunsa. Sauran ukun sun koma kamar masu jeruwa a benci: 3! = 6. Rubuta su da hannunka, ka fara da M kullum: MTBK, MTKB, MBTK, MBKT, MKTB, MKBT. Shida, ba ƙari ba ragi.

Daga nan ƙa'idar ta fito da kanta: mutum n kewaye da da'ira, hanyoyi (n − 1)!. Kuma adadin yana kumbura da saurin da ke ba mutum mamaki. Fada mai mutum 12 tana da 11!, wato 39,916,800. Da za su riƙa sauya zama kowane minti, dare da rana ba hutu, sai sun kusa shekara 76 kafin su ƙare.

Mataki na uku: duba ko da'irar ta gaske ce

A nan ake zubar da maki a banza. Ganin kalmar "tebur mai zagaye" a takardar jarrabawa bai isa ka cire ɗaya ba. Idan an ce kujerun suna da lamba 1 zuwa 6, to gusawa tana sauya zama, domin wanda ke kan ta 1 ya koma ta 2. Amsa 6! = 720 ce, ba 5! ba.

Kuma ba sai duka wuraren sun sami alama ba, ɗaya ya isa. Duk wanda ya taɓa zama a fada da rana tsaka a watan Afrilu ya san wurin da ke jikin bango, inda inuwa take, ba daidai yake da sauran ba. Idan tambaya ta ware wuri guda irin wannan, ko kujerar da ke bakin ƙofa, to wurin ya riga ya yi aikin da mai shayi ya yi mana ɗazu. Ba ka da sauran wanda za ka kafa kyauta: mutum 6 ke iya ɗaukar wurin inuwa, sauran 5 su jeru, 6 × 120 = 720. Don haka kafin ka taɓa alƙalami, tambayi kanka: idan kowa ya gusa wuri ɗaya, mai tambayar zai ce an sauya ko ba a sauya ba?

Mataki na huɗu: abin yana kifuwa?

Ka je Kasuwar Dole wajen masu duwatsun ado, ka sayi ƙwaya biyar, kowace da launinta, ka zura a zare ka ƙulle ta yadda ƙullin ba ya nunawa. Juyawa ba ta sauya komai, saboda haka muna da 4! = 24. Amma abin wuya yana da wani hali da tabarmar mutane ba ta da shi: kana iya ɗaga shi ka kifa. Da ka kifa, jerin da ke bin hannun agogo ya koma yana bin akasinsa. Kowane tsari da kifaffensa abu ɗaya ne a hannun mai shi, don haka ka sake rabawa da 2: 24 ÷ 2 = 12. Ƙa'idar ita ce (n − 1)! ÷ 2, matuƙar duwatsun sun kai uku kuma babu biyu masu kama ɗaya.

Mutane ba a kifa su, gaskiya ne. Amma wani lokaci tambayar kanta ce ke kifa su. Idan aka ce abin lura kawai shi ne su wa ke maƙwabtaka da kowa, ba ruwanmu da dama ko hagu, to MTBK da MKBT sun zama ɗaya, domin a duka biyun mai shayi yana tsakanin tela da ɗan kabu-kabu. Shidan nan sun koma uku.

Carbi yana koyar da wani abu a nan. Yana da liman, doguwar ƙwayar nan da ake farawa daga gare ta. Idan ka zura duwatsu biyar mabambanta tare da liman, juyawa ta mutu, kifewa kuwa tana nan: 5! ÷ 2 = 60. Ka lissafa liman a matsayin dutse na shida, (6 − 1)! ÷ 2, za ka sake samun 60. Idan hanyoyi biyu suka kai ka gida ɗaya, hankalinka ya kwanta.

Mataki na biyar: idan an gindaya sharaɗi

Dokata a nan guda ce: fara zaunar da wanda sharaɗin ya shafa.

Mutum bakwai, biyu aminai ne, dole su zauna kusa da juna. Ɗaure su da igiya ɗaya a zuci, su zama mutum guda. Yanzu abubuwa shida ke kewaye da tire: 5! = 120. A cikin ɗaurin kuma, wannan na iya zama a dama ko a hagu, hanya 2. Jimla 240. Mantuwa da wannan 2 ɗin ita ce kuskuren da na fi yawan ja wa jan layi.

Idan kuwa biyun ba sa ga maciji da juna, ana so a raba su, ka ɗebe daga jimla: 6! − 240 = 720 − 240 = 480. Gwada ta wata hanya: kafa na farko, saura wuri 6, biyu daga ciki suna jikinsa, don haka na biyun yana da 4. Sauran mutum biyar su cike, 4 × 120 = 480. Ya yi daidai. Idan kuma mutum takwas ne ana so biyu su fuskanci juna, da ka kafa ɗaya, ɗayan ba shi da zaɓi, sauran shida 6! = 720.

Sai zaman tsallake: manya huɗu da samari huɗu, babba, saurayi, babba, saurayi. Zaunar da manya tukuna, a da'ira suke, 3! = 6. Tsakaninsu akwai gurbi huɗu. Ɗalibai da yawa a nan sai su sake rubuta 3! wa samarin, wai ai su ma da'ira suka yi. A'a. Gurbin da ke tsakanin liman da mai unguwa ba shi ne wanda ke tsakanin mai unguwa da ladan ba. Kowane gurbi ya sami suna, don haka 4! = 24. Amsa 6 × 24 = 144. Sau ɗaya tak ake cin moriyar da'ira a lissafi guda.

Dabarar gurbi tana aiki har idan mutum uku ne cikin takwas ba a so ko biyu daga cikinsu su haɗa kafaɗa. Zaunar da sauran biyar: 4! = 24. Gurabe nawa suka bari? Biyar. A benci da shida ne, domin akwai bakin farko da bakin ƙarshe, amma a da'ira bakunan biyu sun haɗe. Na farko ya zaɓi ɗaya cikin 5, na biyu cikin 4, na uku cikin 3: 60. Jimla 24 × 60 = 1,440.

Idan mutane sun fi wuri yawa, misali mutum 10 tabarma kuwa 6 take ɗauka, jera su kamar a benci, 10 × 9 × 8 × 7 × 6 × 5 = 151,200, ka raba da yawan wuraren da'irar, wato 6, ba da 10 ba. Ka sami 25,200.

Mataki na shida: duwatsu masu kama ɗaya

Wannan shi ne wurin da nake so ka rage sauri, domin a nan ne ƙa'idar da ka haddace za ta iya kai ka ta baro.

Idan akwai dutse ɗaya da ba shi da ɗan'uwa, ka huta. Baƙi ɗaya, ja uku, fari biyu: kafa baƙin, sauran biyar su jeru a layi, 5! ÷ (3! × 2!) = 10, idan ba a lissafa kifewa ba.

To amma ɗauki ja uku da fari uku. A layi, 6! ÷ (3! × 3!) = 20. Raba da 6 kamar yadda muka saba: uku da ɗoriya. Ba a taɓa samun abin wuya uku da sulusi ba, ke nan akwai inda aka zame. Koma mataki na biyu ka duba dalilin da ya halatta mana rabawa: kowane gida yana da ƴaƴa daidai wa daida. A nan kuwa ba haka ba ne. Ka sa J wa ja, F wa fari, ka shimfiɗa tsakuwarka a ƙasa. JJJFFF idan ka yi ta juya shi yana ba da jeri shida mabambanta. JJFJFF shida. JJFFJF shida. Amma JFJFJF da ka juya sau biyu ya dawo kamanninsa, jeri biyu kawai yake bayarwa. 6 + 6 + 6 + 2 = 20. Gida huɗu ne, ɗaya ƙarami. Amsa 4.

Tsakuwa tana isa idan duwatsu shida ne. Idan sun kai ashirin fa? Akwai hanya, kuma tana cikin abubuwan da suka sa nake ƙaunar wannan fanni. Ana jingina ta ga William Burnside na Ingila saboda littafinsa na 1897, ko da yake Cauchy a Faransa da Frobenius a Jamus sun riga shi saninta. Ga yadda take. Lissafa duk juyin da za a iya yi wa da'irar, har da juyin sifili, wato barin ta yadda take. Ga kowane juyi, ƙirga jeri nawa ne ba ya sauya kama idan aka yi masa wannan juyin. Tara su, ka raba da yawan juyin.

Mu gwada da ja uku fari uku. Juyin sifili: duka 20 suna nan yadda suke. Juyin taki 1 ko taki 5: sai duk duwatsun sun zama launi ɗaya kafin jeri ya tsira, ba mu da irin wannan, 0 da 0. Juyin taki 2 ko taki 4: JFJFJF da FJFJFJ ne ke tsira, 2 da 2. Juyin taki 3: dole kowane dutse ya yi launi ɗaya da wanda ke fuskantarsa, ja su zo biyu-biyu, uku kuwa ba ta rabuwa biyu, 0. Jimla 24, raba da 6, ka sami 4. Abin da tsakuwa ta faɗa ke nan.

Idan za a iya kifa abin, sai ka ƙara kifi shida a kan juyi shida, su zama 12. Uku daga cikin kifin suna bi ta kan duwatsu biyu masu fuskantar juna. A kowanne, waɗannan biyun ba sa motsi, sauran huɗu suna musayar wuri biyu-biyu. Don ja ya cika uku, sai ɗaya daga tsayayyun ya zama ja, hanya 2, da tagwaye guda ja, hanya 2: 4 ke nan, sau uku 12. Sauran kifi uku suna bi ta tsakanin duwatsu, kowa da abokin musayarsa, ja uku ba za su yiwu ba, 0. (24 + 12) ÷ 12 = 3. Ka duba tsakuwarka: JJFJFF da JJFFJF kifaffun juna ne, shi ya sa huɗu ta koma uku. Lura cewa da ka raba 4 da 2 kai tsaye da ka ce 2, ka faɗi, domin JJJFFF da JFJFJF kowanne kifaffen kansa ne.

Ka gwada da kanka: duwatsu shida, launi biyu, ba a ƙayyade yawan kowanne ba. Juyi shida suna ba da 64, 2, 4, 8, 4, 2, jimla 84, wato 14. Da kifewa, ƙara 16 sau uku da 8 sau uku, 156 ÷ 12 = 13.

Yaushe ne rabawa kai tsaye ba ta cutarwa? Idan babu wata lamba sama da 1 da ke raba yawan kowane launi. Ja uku da fari biyu: 10 ÷ 5 = 2, lafiya lau, domin 3 da 2 ba su da mai raba su tare. Uku da uku, ko huɗu da biyu, sai ka bi doguwar hanya.

Wata tambaya ta tafiya da ita gida

A 1891 masanin lissafin Faransa Édouard Lucas ya kawo tambayar ma'aurata kewaye da tebur: namiji, mace, namiji, mace, amma kada kowa ya zauna jikin matarsa. Sai a 1934 Jacques Touchard ya fitar da ƙa'idarta gaba ɗaya. Ni a aji nakan sauya mata riga ta dace da zamanmu: teloli ne, kowa da yaron shagonsa, za a zauna tsallake, kuma ba a so yaro ya zauna jikin maigidansa.

Ɗauki teloli huɗu, A, B, C, D, sun zauna bi da bi. Gurabe huɗu ne: AB, BC, CD, DA. Yaron A ba zai shiga AB ko DA ba, saura BC ko CD. Idan ya shiga BC, yaron D, wanda AB da BC kaɗai suka halatta masa, dole ya ɗauki AB. Wannan ya tura yaron C zuwa DA, yaron B zuwa CD. Hanya ɗaya ke nan. Idan kuma yaron A ya shiga CD, yaron B sai DA, yaron C sai AB, yaron D sai BC. Hanya ta biyu. Babu ta uku. Telolin kansu suna da 3! = 6, don haka jimla 6 × 2 = 12.

Da teloli uku hanya ɗaya ce tak ga yaran, da shida kuwa 80. Na biyar na bar maka. Zana da'ira a ƙasa, ka sa manyan tsakuwa biyar, ka ba kowane yaro guraben nan uku da suka halatta masa, ka bi reshe-reshe kamar yadda muka yi yanzu, kana rubuta kowace hanya kafin ka ɗaga tsakuwa. Ya kamata ka sami 13, wanda idan ka ninka da 4! zai ba ka 312. Idan 12 ka samu ko 14, koma kan reshen da yaron A ya zauna a gurbin tsakiya, wanda ke fuskantar maigidansa. Hanya biyar ce a wannan reshen, sauran biyun kuma huɗu-huɗu.